Jarumi da Mai Riƙon Gida: Salon Shugabancin Janar Hassan Usman Katsina a Lokacin Yaƙi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna da dattawan yammacin ƙasar Katsina, wato Ruma da Batsari da Safana da Runka, ya tayar da zancen yaƙi, da wuya a tashi hira ba a ambaci Ɗanwaire ba. Shi ne Sarkin Ruma da ya yi suna a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da wannan yanki na bakin Dajin Rugu yake kan iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, dawakin hari suna kai da komowa. A idon jama'a irinsa ne shugaban yaƙi: mutumin da ake gani a gaban daga, da mashi a hannu.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wani ɗan Katsina, Manjo-Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya shugabanci sojojin ƙasa na Nijeriya daga tsakiyar Yaƙin Basasa har ƙarshensa, alhali bai riƙe wata runduna a bakin daga a wannan yaƙi ba. Za a nuna cewa salonsa yana da asali a tsarin sarautar Katsina, za a kuma auna inda ya yi amfani da inda ya gaza.

2.0 Hannu Biyu na Yaƙi a Tsarin Katsina

Hausa tana da yalwar kalmomi na yabon mai faɗa, kamar jarumi da barde da sadauki. Akwai kuma sarautun da aka gina a kan makami ko abin hawa, alal misali Sarkin Baka da Sarkin Lifida da Ubandawaki. Wanda ya tsaya a baya kuwa harshe bai ba shi suna mai armashi ba, sai a ce mai riƙon gari ko muƙaddas. Makaɗan fada ma abin da ido ya gani suke wasawa.

Amma tsarin mulki ya san darajar wannan aiki. A tsohuwar Katsina, da kuma Maraɗi inda sarakunan Haɓe suka koma bayan jihadin farkon ƙarni na 19, manyan sarakunan karaga huɗu ne: Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi. Ƙaura shi ne shugaban mayaƙa, Galadima kuwa sha'anin mulkin gari ne a hannunsa. Dalili a fili yake. Rundunar da ta fita tana bukatar hatsi da dawaki da makamai, tana kuma bukatar ta dawo ta tarar da garin bai rabu biyu ba. Yaƙi ke nan yana da hannu biyu, mai sara da mai riƙo, kuma a hannu na biyu ne ya kamata a nemi Hassan.

3.0 Tasowarsa

An haifi Hassan a Katsina a 1933. Mahaifinsa shi ne Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, kakansa kuwa Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gado a 1906. Ya yi Midil ta Katsina, sa'an nan ya wuce kwalejin da ake kira Barewa a Zariya. Ya shiga soja a 1956, ya sami horo a Teshi ta ƙasar Gana da kuma Sandhurst ta Ingila, aka ba shi hafsa a 1958. Yana cikin sojojin Nijeriya da suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango a farkon shekarun 1960.

Tarbiyya iri biyu ke nan ta haɗu a kansa. Bariki ya koya masa oda da bin na gaba. Fada kuwa ta koya masa yadda ake sauraron ƙara, da yadda ake bari mai fushi ya huce kafin a yanke magana, da sanin cewa umurnin da dattawa ba su sa hannu ba yakan tsaya a bakin zaure.

4.0 Riƙon Arewa, 1966 zuwa 1968

Ran 15 ga Janairu 1966 wasu hafsoshi suka yi juyin mulki. A Kaduna aka kashe Firimiya Sir Ahmadu Bello, a Ikko aka kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tare da su aka rasa manyan hafsoshin Arewa, wato Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar-Kanar James Pam da Laftanar-Kanar Abogo Largema. A lokacin Hassan yana Manjo, yana riƙe da rukunin motoci masu sulke a Kaduna. An sha ba da labarin yadda Manjo Nzeogwu, madugun juyin a Kaduna, ya tare shi da bindiga yana neman ya san ɓangaren da yake, shi kuwa ya ba shi amsar da ta hana a yi harbi. Bayan 'yan kwanaki Janar Ironsi ya naɗa shi Gwamnan Soja na Jihar Arewa, yana ɗan shekara 32.

Abin da ya fara yi shi ne jawo waɗanda suka san ƙasar. Sir Kashim Ibrahim, tsohon Gwamnan Arewa, ya zama mai ba shi shawara, Malam Ali Aƙilu kuma ya riƙe Sakataren Gwamnati. Ta haka ofisoshin Kaduna da na larduna da na En'e suka ci gaba da aiki, ko da yake jam'iyyar da ta kafa gwamnatin ta rushe dare ɗaya. Sarakuna sun karɓe shi a matsayin ɗa, ma'aikata sun karɓe shi a matsayin wanda ya yi boko, sojoji kuma nasu ne.

Jarrabawa ta zo da wuri. Ran 24 ga Mayu 1966 Ironsi ya kafa Doka ta 34, wadda ta soke tsarin tarayya. Cikin mako guda tarzoma ta tashi a garuruwan Arewa, aka kashe 'yan kabilar Ibo da dama. Hassan ya tara sarakuna a Kaduna, aka isar da kokensu ga Ikko, ƙura ta ɗan lafa. Ran 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin, Ironsi ya rasa ransa, Laftanar-Kanar Yakubu Gowon ya hau. A watannin Satumba da Oktoba aka sake kisa wanda ya fi na farko muni, har da sa hannun sojojin da suka yi bore a Kano. Dubban mutane suka mutu, dubban ɗaruruwa suka gudu Gabas.

A watan Janairu 1967 Hassan yana cikin shugabannin soja da suka zauna da Ojukwu a Aburi ta ƙasar Gana don neman sulhu, amma yarjejeniyar ba ta ɗore ba. Ran 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa, Lardin Katsina ya faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya. Kujerar Hassan ta tafi ke nan. Sai aka ba shi shugabancin hukumar riƙon ƙwarya da ke kula da kayan da jihohin shida suka yi tarayya a kansu, kamar Jami'ar Ahmadu Bello da gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Aikin rabon gado ne, kuma kowa ya san a nan zumunci yakan lalace. A wannan tsakani ne kuma, 1967 zuwa 1968, aka ɗauke kotuna daga hannun En'e aka rufe kotunan sarakuna. Kasancewar ɗan sarki ne a Kaduna lokacin da aka ɗauko wannan gyara ya rage masa ɗaci a fadoji.

5.0 Shugabancin Sojojin Ƙasa, 1968 zuwa 1971

An fara yaƙi ran 6 ga Yuli 1967. Kanar Joseph Akahan ne shugaban hafsoshin sojojin ƙasa a farko, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu. A watan Mayu 1968 aka ba Hassan wannan muƙami.

Matsala biyu ya tarar. Ta farko ita ce yawa. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi ta kumbura har ta haura 200,000 kafin a gama. Kowane kurtu yana bukatar horo da kaki da bindiga da albashi da abinci, ga kuma ƙarancin hafsoshi bayan kashe-kashen 1966. Ta biyu ita ce halin kwamandoji. Runduna ta Ɗaya tana hannun Muhammadu Shuwa, ta Biyu Murtala Muhammed ne ya kafa ta kafin Ibrahim Haruna ya gaje shi a 1968, ta Uku kuwa tana hannun Benjamin Adekunle. Kowace runduna ta zama kamar masarauta, tana neman makamanta da kanta, ba ta cika jiran hedkwata ba. Tun a Oktoba 1967 an ga illar haka, lokacin da Runduna ta Biyu ta yi ta yunƙurin ƙetare Kwara daga Asaba zuwa Onica, ta yi hasarar mutane da kaya masu yawa.

Hafsan da ke zaune a Ikko ba shi da ƙarfin da zai tanƙwara irin waɗannan mazaje da takarda. Abin da Hassan yake da shi girma ne. Ya girmi Gowon da Shuwa da Murtala, dukansu kuma kwaleji ɗaya suka yi a Zariya, saboda haka yana iya magana da su da muryar wa. Ya kuma san sarakuna da hakimai da ma'aikatan Arewa, inda ake samun kurata da hatsi da shanu. Lallashi yana da iyaka. A watan Afrilu 1969 Runduna ta Ɗaya ta kama Umuahiya, amma a cikin watan ne sojojin Biyafara suka ƙwace Owerri daga Runduna ta Uku. A watan Mayu Gowon ya canza kwamandojin duka uku: Iliya Bisalla da Gibson Jalo da Olusegun Obasanjo suka karɓa. Daga nan rundunonin suka fi tafiya da shiri ɗaya, har Philip Effiong ya miƙa wuya a Barikin Dodan ran 15 ga Janairu 1970.

Hassan ya bar wannan kujera a Janairu 1971, David Ejoor ya gaje shi. Ya zama mataimakin shugaban hafsoshi a Babbar Hedkwata, ya kuma riƙe kwamishinan tarayya, har juyin mulkin 29 ga Yuli 1975 ya kawo ƙarshen aikinsa na soja. Ya riƙe sarautar Ciroman Katsina, ya rasu a watan Yuli 1995. Babbar kwalejin kimiyya da fasaha ta Katsina tana ɗauke da sunansa.

6.0 Awon Wannan Salo

Ƙarfin salon Hassan shi ne yana hana tsagewa a tsakanin manya. Sarakuna da ma'aikata da hafsoshi ba su juya wa juna baya ba a shekarun da Arewa ta rasa shugabanninta, aka kuma rarraba ta. Rauninsa kuwa daga tushe ɗaya ya fito. Salo ne da ya dogara ga jin maganar na gaba, saboda haka yana aiki ne a kan wanda yake da kunyar manya. Taron 'yan tarzoma da kurtun da ya yi bore sun fita daga wannan da'ira, kuma waɗanda aka kashe a 1966 suna ƙarƙashin amanar gwamnatinsa ne. Duk awon da ya tsallake wannan bai cika ba.

7.0 Kammalawa

Tun daga shekarun 2010 ƙauyukan bakin Dajin Rugu, har da na Batsari da Safana, suka sake ɗanɗana hari da satar shanu da garkuwa da mutane. A irin wannan hali zuciya takan koma ga Ɗanwaire, a yi fatan a sami irinsa. Tarihin Hassan yana tuna mana ɗaya hannun: wanda zai tabbatar mayaƙi ya ci ya ƙoshi, kwamandoji suna jin maganar juna, gari kuma bai rabu biyu ba. Yana kuma gargaɗin cewa mai riƙon gida da ba shi da ikon hukunta wanda ya keta doka bai gama riƙe gidan ba. Ya rage ga manazarta harshe da adabi su bincika dalilin da ya sa Hausa ta wadata Ƙaura da yabo, ta bar aikin Galadima ba kirari mai yawa.