Hutu a Masar: ranar ƙarshe ba ta shiga ruwa ba ce

Da yawanmu mun san Masar ta hanya biyu: ko ɗa ya tafi karatu Azhar, ko an kai dattijo Alƙahira ganin likita. Amma yanzu akwai 'yan uwa, musamman na ƙasashen waje, da ke haɗuwa da iyalinsu can don hutu, su ga kayan tarihi, su kuma shiga Bahar Maliya yin nutso da tulun iska a baya. To, wannan tafiya tana da tsari, kuma kuskure a tsarin yana iya kai mutum ga shanyewar jiki.

Mu fara da takardu. Ɗan Nijar yana buƙatar biza, kuma Masar tana da ofishin jakadanci a Yamai. Kada a manta katin rigakafin ciwon shawara, don ana neman sa ga wanda ya fito daga ƙasarmu. Lokaci kuwa, daga Oktoba zuwa Afrilu ya fi daɗi. A watannin Yuni zuwa Agusta zafin Luksor yakan haura digiri 40, kuma mu da muka san watan Afrilun Tawa ba mu biya kuɗin jirgi don mu je mu same shi can ba.

Abin gani a tudu ba ya ƙarewa. Akwai dalar Giza, ba dalar aljihu ta tamma biyar ba, ginin dutse ne da ya kai shekara 4,500, wanda tsawonsa na asali mita 146 ne. Akwai masallacin Azhar da aka fara ginawa a shekarar 970. Daga Alƙahira jirgin ƙasa na dare yana kai mutum Luksor, inda Kwarin Sarakuna yake, wurin da aka gano kabarin Fir'auna Tutankamun a 1922. Daga Luksor, wajen awa 4 a mota, sai Hurgada a bakin teku.

Nan ne maganar take. Bahar Maliya ba tafkin Madarunfa ba ne. Ruwan garau yake, kana hango murjani da kifaye masu launi kamar atamfa, wannan kyan kuwa shi ke sa mutum ya manta da zurfi. Wanda bai taɓa yi ba, ana iya shiga da shi na gwaji, malami na riƙe da shi, ba a wuce mita 12. Wanda ke son takardar shaida ta farko, kwana 3 zuwa 4 ne na koyo, sai ya iya iyo na mita 200 ya kuma tsaya a saman ruwa minti 10, sannan iyakarsa mita 18. Mu faɗi gaskiya, yawancinmu 'yan tudu ne, ba mu iya iyo ba. Babu kunya a ce wa malami haka. Akwai jiragen ruwa masu gindin gilashi, kana zaune kana kallon komai, rigarka ko jiƙewa ba za ta yi ba.

Me ya sa muka ce ranar ƙarshe ba ta ruwa ba ce? A zurfin mita 10, nauyin da ke danne jikin mutum ya ninka na tudu sau biyu. Iskar da yake shaƙa daga tulu tana da wani sinadari, naitirojin, wanda ke narkewa cikin jini da tsoka saboda wannan matsi. In ya fito a hankali, iskar tana fita ta numfashi kaɗan-kaɗan. In matsin ya ragu farat ɗaya, sai ta yi kumfa a cikin jiki, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Kumfar ce ke kawo ciwon gaɓoɓi, jiri, mutuwar ƙafa ko hannu, wani lokaci har rasa rai. Shi ya sa ake tsayawa minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito, kuma ba a riƙe numfashi ko kaɗan yayin tasowa.

Cikin jirgin sama matsin iska bai kai na ƙasa ba. Ke nan wanda ya yi nutso da safe ya hau jirgi da yamma, ya buɗe kwalbar da kansa. Ƙa'idar ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, malamai da dama ma sukan ce a cika awa 24. Haka hawan dutse. Wanda ya sauka Dahab ko Sharm el-Shek zai so ya hau Dutsen Sina'i, mai tsawon mita 2,285, inda ake dangantawa da Annabi Musa (AS). A hau shi kafin nutso, ko a bar kwana guda tsakani.

Wata magana da ta shafe mu kai tsaye: sikila. Mai wannan ciwo ba ya nutso da tulu, mai asma da mai ciwon zuciya kuma sai likita ya duba su. Mace mai ciki ma ba ta yi. Za a ba ku takardar tambayoyin lafiya, ku cika ta da gaskiya, ko da an riga an biya kuɗin. Rashin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin, don haka mu a ganinmu kada a haɗa nutso da azumi.

Kafin ku biya ko jika ɗaya, ku tambayi gidan nutson lasisinsa, ku tambaya ko akwai iskar oksijin a jirgin ruwansu, da inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wato inda ake jinyar wanda kumfar ta kama. Akwai irinsa a Hurgada da Sharm el-Shek. Ku duba ko inshorar tafiyarku ta ɗauki nutso, don ba kowace ke ɗauka ba. In wani ya ce zai kai ku ramin Blue Hole na Dahab ku yi zurfi alhali jiya kuka fara, ku ce masa a'a. Wurin ya ci ƙwararru da yawa.

In kwana 10 gare ku, ga yadda muke ganin ya dace: 3 a Alƙahira, 2 a Luksor, 4 a Hurgada cikin ruwa. Na goma a zauna a tudu, a shiga kasuwa a sayo wa su inna tsaraba.