Abin da ya sa ƙarfen tsakiyar duniya bai narke ba duk da tsananin zafi

A doron ƙasa, baƙin ƙarfe yana narkewa idan zafi ya kai digiri 1,538 a ma'aunin Selshiyos. Amma can tsakiyar duniya, inda zafi ya zarce digiri 5,000, akwai dunƙulen ƙarfe daskararre, wanda masaniyar girgizar ƙasa 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta gano a 1936.

Dalili shi ne matsi. Kafin ƙarfe ya narke, sai ƙwayoyin zarrarsa sun bar sahun da suke jere, kuma hakan na buƙatar ɗan sarari. A tsakiyar duniya matsin ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau miliyan 3, don haka sararin babu shi, sai zafi ya ƙaru matuƙa kafin ƙwayoyin su kuɓuce.

To, zafi nawa? Nan ne masana suka daɗe suna saɓani, domin babu mai iya zuwa can ya auna. Wasu suna matse ɗan guntun ƙarfe tsakanin lu'ulu'u biyu, su gasa shi da hasken lesa. Wasu kuwa bugu suke amfani da shi: a harba faranti mai gudun kilomita da dama a daƙiƙa ya daki ƙarfen, bugun ya matse shi ya kuma zafafa shi lokaci guda. Kafin ƙiftawar ido samfurin ya tarwatse, amma na'urori sun riga sun auna gudun sauti a cikinsa. Idan gudun ya faɗi kwatsam, ƙarfen ya narke. Da haka Brown da McQueen na Los Alamos a Amurka suka ga alamar narkewa a 1986, a matsin da ya kusa ninki miliyan biyu da rabi.

Raunin wannan hanya shi ne auna zafin kansa. Masu bugu sun riƙa samun adadi mai yawa, yayin da gwajin lu'ulu'u na Reinhard Boehler a Jamus ya nuna ƙasa da digiri 5,000 a 1993. Tazarar ba ta wasa ba ce: da wannan adadi ake lissafin zafin da ke fitowa daga tsakiyar duniya, wanda ke motsa narkakken ƙarfen da ke samar da maganaɗisun da yake kare mu daga burbushin da rana ke fesowa.

A 2013, masana a Grenoble ta Faransa suka sake gwajin lu'ulu'u, suna leƙa ƙarfen da hasken eksire. Sakamakonsu, wajen digiri 6,000, ya fi karkata ga masu bugu.