Kabalu ko sadalu: Me ya sa mai faɗin adalci ke shan zagi a intanet?

Da zarar wani ya tambaya a Facebook ko TikTok, "Malam, kabalu ne daidai ko sadalu?", sai ƙura ta tashi. Wanda ya kira ɗaya ɓangaren jahilai shi ke kwashe yabo.

Wani kuwa zai yi bayani cewa Imamu Malik ya kawo hadisin ɗora hannun dama kan hagu a Muwaɗɗa, amma Ibnul Ƙasim ya ruwaito a Mudawwana cewa Malik bai so hakan a sallar farilla ba, don haka sallar kowa ta yi. Nan take za a yi masa ca: "munafuki", "mai baki biyu".

A arewacin Najeriya, yadda mutum ke ajiye hannunsa a salla ya daɗe da zama alamar ɓangarensa. Yawancin masu muhawarar gidansu suke karewa, ba fatawa suke nema ba. Amsar da ta ba kowa gaskiyarsa ba ta da 'yan gida, saboda haka ba mai tare mata faɗa.

Tsarin shafukan ma na ƙara wa wutar fetur. Takardun Facebook da Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, nauyin "like" biyar. Abin da ya fi harzuƙa mutane shi ya fi yaɗuwa.

Illar ita ce masu ilimi da dama sun ja bakinsu sun yi shiru, matasa kuma na ɗaukar karatun addini a wurin wanda ya fi ɗaga murya.