Rita Colwell: Masaniyar da binciken ta ya kai daga mujallun kimiyya zuwa bakin kogi

A duniyar masana, ana auna darajar mai bincike da abu biyu: yawan takardun da ya wallafa, da kuma sau nawa wasu masana suka kafa hujja da su a nasu rubutun.

Farfesa Rita Colwell ta Jami'ar Maryland da ke Amurka ta cika duka biyun. Ta wallafa takardun bincike sama da 800 kan ƙwayoyin halittar da ke rayuwa a ruwa, kuma an ambaci ayyukanta sau dubun dubata.

Sai dai abin da ya fi fito da sunanta a wajen jami'a shi ne tsohon zanen da matan karkarar Bangladesh ke tace ruwa da shi.

Ina kwalara ke ɓuya?

An haifi Colwell a 1934 a jihar Massachusetts. Lokacin da ta fara aiki, yawancin likitoci na ganin ƙwayar cutar kwalara, wato amai da gudawa, ba ta daɗewa a wajen cikin ɗan Adam. Tambayar da ta rage ita ce inda take zuwa idan annoba ta lafa.

A 1977, Colwell da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Science cewa sun gano ƙwayar a ruwan Chesapeake na Amurka, inda babu wata annobar kwalara. Ma'ana, ruwa ma gidanta ne.

A 1982 tawagarta ta nuna cewa ƙwayar na iya yin likimo: tana da rai, amma ba ta tsirowa a gwajin da aka saba yi a ɗakin bincike. Shekara guda bayan haka, ita da Anwar Huq, masani ɗan Bangladesh, suka nuna cewa tana maƙalewa a jikin wasu mitsi-mitsin ƙwarin ruwa da da ƙyar ido ke ganinsu.

Masana da dama sun yi jayayya da wannan ra'ayi da farko. Yau waɗannan takardu na cikin waɗanda masu binciken kwalara ke yawan komawa gare su.

Zanen da ya rage cuta

Tunanin da ya biyo baya mai sauƙi ne: tunda ƙwayar na manne da ƙwaro, tace ƙwaron zai rage ta.

Gwaji ya nuna cewa zanen sari na auduga, idan aka ninka shi sau huɗu zuwa takwas, yana tare ƙwarin. Tsohon zane da ya sha wanki ma ya fi sabo, domin zaren ya yi laushi, ramukan sun tsuke.

Daga 1999 zuwa 2002 aka gwada dabarar a ƙauyuka 65 na yankin Matlab, masu mutane kusan 133,000. Sakamakon da mujallar PNAS ta wallafa a 2003 ya nuna cewa kamuwa da kwalara ta ragu da kashi 48 cikin 100 a ƙauyukan da aka yi amfani da zanen.

Da aka koma bayan shekara biyar, an tarar kusan kashi 31 cikin 100 na matan da aka tambaya na ci gaba da tace ruwa.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a Arewacin Najeriya. Dangin waɗannan ƙwarin ne ke ɗauke da kurkunu, kuma tace ruwa da ƙyalle na cikin abin da ya taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da cutar.

Amma tacewa ba ta kashe ƙwayar da ke yawo ita kaɗai a ruwa. Tafasawa ko sa sinadarin kulorin sun fi ta inganci.

Abin da alƙaluma ba sa faɗa

Eugene Garfield ne ya fito da kundin ƙirga ambaton takardun kimiyya a 1964. A 2005 kuma Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin "h": wanda ke da 50, yana da takardu 50 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 50. Jami'o'i da dama na duba irin waɗannan alƙaluma wajen ƙarin girma.

Sai dai ambato ba ya nufin amincewa. Bayan ɓarkewar kwalara a Haiti a 2010, Colwell ta jaddada rawar yanayi da muhalli, yayin da wasu masana suka nuna cewa dakarun wanzar da zaman lafiya daga Nepal ne suka shigo da ƙwayar. A 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da rawar da ta taka, ta kuma nemi afuwa. Duk wanda ya ambaci aikin Colwell don ya musanta shi, ya ƙara mata lamba a lissafi.

Haka kuma babu kundin da ke ƙirga matar da ta ɗaure zane a bakin tulu, ko yaron da bai kamu da cuta ba saboda hakan.

Colwell ta zama mace ta farko da ta shugabanci Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasar Amurka daga 1998 zuwa 2004, kuma ta lashe kyautar ruwa ta Stockholm a 2010.

A Najeriya, Hukumar NCDC ta ce a 2021 kaɗai an samu sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Bauchi, Jigawa da Kano na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Malaman jami'o'inmu da ke nazarin ruwan madatsu da kududdufai na da takardun da ake ƙirgawa ranar ƙarin girma. Tambayar da aikin Colwell ke jefa musu ita ce nawa daga ciki suka isa ga masu ɗiban ruwan.