Kafin Ka Tsaya Wa Wani, a Karanta Maka Takarda

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in gargaɗi 'yan'uwana na ƙasar Dutse bisa al'amarin lamuni da jingina, don kada abin da ya sami yayana ya sami wani.

Wani amininsa mai fataucin riɗi a kasuwar Shuwarin ya nemi rance a wani banki, aka ce sai ya kawo mai tsaya masa. Yayana ya sa hannu, ya kuma ba da takardar gidansa jingina, bai ce a karanta masa ba, don kunya. Ciniki ya karye. Banki bai bi ta kan mai bashi ba, sai ga takarda ta iso wa yayana. Sai da ya sayar da gona kana ya fanshi gidan.

Ga inda muka ruɗe. Abin da malamanmu suka karantar da mu a Risala shi ne, ba a kama mai lamuni sai in mai bashi ya tsiyace ko ba ya nan. Amma takardar banki takan ce mai lamuni daidai yake da wanda ya ci bashin. Wata ma takan haɗa da duk abin da za a ranta nan gaba. In ba a rubuta iyakar kuɗi ba, to, ka ɗauki kayan da ba ka san nauyinsu ba.

Takardar jingina kuwa takan ba banki ikon sayar da gida ba sai ya je kotu ba. Dokar ƙasa ta 1978 ta ce ba a jinginar da filin gari sai da yardar Gwamna, na karkara da ke hannun ƙaramar hukuma kuma sai da yardarta. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda rashin wannan yarda, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo. Amma kada kowa ya dogara da haka, gama neman yardar wajibin mai gida ne.

Jama'a, kafin ku sa hannu ku tambaya: nawa ne iyaka, har yaushe, wa za a fara kamawa? Ku sami lauya ya fassara muku da Hausa, ku kuma karɓi kwafi ku adana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu, Dutse.