Tsigewa Ko Hamɓararwa: Kalmar Da Ke Rikita Masu Saurare

A ranar 11 ga Afrilu, 2019, da labari ya iso ƙauyukan Hausawa na Jazira da Nil Azraƙ cewa sojoji sun kawar da Umar al-Bashir, abin da aka yi ta faɗa a kasuwanni shi ne wai an tsige shi. Mu ma a gidan rediyo bakinmu ya kama wannan kalma, har sai da wani dattijo daga Mai Wurno ya aiko mana da gyara, kuma gaskiyarsa. Wanda soja suka kawar da bakin bindiga hamɓarar da shi aka yi. Sarki kuwa tuɓe shi ake yi, kamar yadda gwamnatin Abacha ta tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996.

Asalin tsigewa shi ne cire abu daga inda ya kafu, kamar gashi ko ciyawa. Da siyasa ta ari kalmar, sai ta zama aikin 'yan majalisa, bisa doka. A tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 188, sai kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisar jiha sun sa hannu a takardar zargin gwamna da babban laifi, sannan babban alƙalin jiha ya naɗa mutum bakwai su bincika, daga ƙarshe kashi biyu bisa uku su amince. Shi ya sa idan aka ce mutum ya yi “laifin da ya kai a tsige shi”, ana nufin ƙofa ta buɗe ne kawai, amma yana nan daram a kujerarsa.

To amma wane laifi ne ya kai? Dokar ta bar wannan ga ra'ayin majalisa, kuma nan gizo ke saƙa. Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, gwamnan farko da aka tsige a Nijeriya, a watan Yunin 1981 ya rasa kujerar Kaduna a hannun majalisar da NPN ta mamaye, wadda tun farko ta ƙi amince masa da kwamishinoni. Har gobe ana gardama ko laifi ne ya ci shi ko ƙarancin ƙuri'a.

A Amurka kuma abin ya fi rikitarwa. Majalisar wakilai ta tuhumi Donald Trump sau biyu, a 2019 da 2021, aka yi ta cewa da Hausa an tsige shi, alhali majalisar dattawa ba ta same shi da laifi ba ko sau ɗaya.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin yadda jita-jitar sauyin shugaba ke motsa farashin canji kafin la'asar. Hamɓararwa kan zo da dokar hana fita da rufe iyaka a rana ɗaya, kamar yadda aka gani a 2019. Tsigewa kuwa takan ɗauki makonni, motocin kaya na ta wucewa, kuma sau da yawa takardar zargin a majalisa take mutuwa.