Yadda Zafi Ke Juya Aikin Tace Yuraniyom

Tun shekarun 1950, hanyar da ake kira PUREX ita ce ginshiƙin ware yuraniyom da fulutoniyom daga makamashin nukiliya da ya gama aiki, kuma da ita masana'antar La Hague ta Faransa ke aiki har gobe. Ana narkar da makamashin cikin asid na nitrik, a kaɗa shi da sinadarin TBP da aka sirka da kananzir ko danginsa, TBP ɗin kimanin kashi 30 cikin 100. Ruwan biyu ba sa gauraya. Da an bar su sun natsu, na kananzir ya taso sama kamar mai a kan miya, ɗauke da yuraniyom da fulutoniyom, yawancin dattin kuma ya kwanta ƙasa.

Kamun da TBP ke yi wa yuraniyom yana fitar da zafi, don haka da ruwan ya ɗumama sai riƙon ya sassauta. Injiniyoyi sun mai da wannan rauni dabara: a kama ƙarfen ba tare da ɗumama ruwan sosai ba, idan an zo ƙwace shi a wanke da ruwa mai ɗan asid a wajen digiri 50 zuwa 60. Ɗumi yana kuma sa ruwan biyu su rabu da wuri. Yana rage wata matsala mai tayar da hankali, wato ruwan saman ya tsage gida biyu idan an ɗora masa fulutoniyom fiye da kima, fulutoniyom ɗin ya taru a siririn layi guda inda yawansa ka iya kai wa haɗari.

Ribar ke nan, amma tana da farashi. Zafi, asid da tiririn nukiliya suna taruwa su ruɓar da TBP ya koma wani sinadari mai suna DBP, shi kuwa idan ya cafke fulutoniyom ko zarkoniyom ba ya saki da daɗi, sai tacewar ta gurɓace. Mafi muni shi ne idan TBP ya ɓata hanya ya shiga tukunyar ƙafe ruwa tare da asid mai ƙarfi. A nan ake samun abin da ma'aikata ke kira jan mai, wanda ke iya hura kansa har ya fashe idan ya haura digiri 130. An ga haka a masana'antar Savannah River ta Amurka a 1953 da 1975. A ranar 6 ga Afrilu 1993 wani tanki ya tarwatse a masana'antar Tomsk-7 ta Rasha, ya watsa gurɓataccen abu har wajen masana'antar.

A ganina kuskure ne babba a ɗauki ɗumama ruwa a matsayin hanyar ƙara sauri kawai. Tazarar da ke tsakanin digiri 60 mai amfani da digiri 130 mai halaka tana da faɗi a takarda, amma tanki mai asid da ba a motsa shi ba, ba a sanyaya shi ba, yana iya cinye ta cikin sa'o'i. Masana'antar da ba ta iya tsare ma'aunin zafinta dare da rana ba ta cancanci a damƙa mata fulutoniyom ba.